Mashin yana fizga in ka riƙe totur wuri ɗaya? Ga yadda za ka zaɓi abin saye kafin kuɗinka su tafi

Jama'a wannan matsalar tana cinye wa masu mashin kuɗi ba gaira ba dalili, shi ya sa nake so mu tsaya a kanta sosai. Mashin ne lafiyarsa ƙalau, bugu ɗaya ya tashi, silo ɗinsa daidai, in ka murɗa totur har ƙarshe ma yana tafiya yadda ake so, amma da ka hau titi ka riƙe totur wuri ɗaya a giyar ƙarshe sai ya fara ci yana saki, ya ɗan fizga gaba ya ɗan ja baya, in ka ƙara wuta kaɗan kuma sai ya yi jim kafin ya amsa. Yawancinmu daga nan sai shagon kayan gyara, a sayi fulogi, bai daina ba a sayi kafireta, bai daina ba a sayi koyil mai bai wa fulogi wuta, ƙarshe an canja rabin mashin kuma fizgar tana nan. Abubuwan da ke kawo wannan suna da yawa amma kowanne da alamarsa, kuma alamar ce ya kamata ta gaya maka abin da za ka saya.

Kafin komai ka tabbatar ma injin ne. Mutane da yawa suna ɗora wa kafireta laifin sarƙa. In mashin yana fizga amma kunnenka yana jin ƙarar injin ba ta yankewa, musamman a tafiyar hankali, to ka ɗora shi a kan jek ɗin tsakiya ka riƙa juya tayar baya da hannu kana taɓa sarƙar a wurare daban-daban. Sakinta a yawancin mashinan titi tsakanin milimita 20 zuwa 30 ne, in ka ga wani wuri ta ɗaure tam wani wurin kuma ta yi lako-lako to sarƙar ta ƙare, ba wani ɗauri da zai gyara ta. A nan zaɓi biyu ne, sarƙa zalla ko mai ƴan zobunan roba a tsakanin gaɓoɓinta. Mai zoben ta fi tsada amma tana riƙe giris a ciki don haka ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai ta fi faɗi, a wasu ƙananan mashinan masu murfin sarƙa tana iya gugar murfin, a duba kafin a biya. Ko wacce ka ɗauka don Allah ka haɗa da sifoket, wato faifan haƙoran da sarƙar ke hawa, na gaba da na baya a lokaci guda, sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta kai ko'ina. Lambar sarƙar ma ta dace, 428 ce a mafi yawan masu 125 da 150, manya kuma 520 zuwa 530. Ka leƙa robobin da ke cikin hob, wato cibiyar tayar baya, in sun cinye suna kawo irin wannan bugun duk sanda ka saki wuta ka sake kamawa, kuma su kam ba su da tsada.

To in ka tabbata injin ne ke yankewa, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Injin ya yi zafi, kana kan hanya marar cunkoso a daidai gudun da yake fizgar, sai ka ɗan ja cok kaɗan. In ya gyaru to mai ne ya yi masa kaɗan iska ta yi yawa. In ya ƙara lalacewa ya fara shaƙewa to man ne ya yi yawa. Wannan kaɗai ya raba maka hanya biyu, sannan ka cire fulogi ka dubi bakinsa, ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya, fari fat alamar ƙarancin mai, baƙi mai toka kuma mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni.

Tunda an zo kan fulogi, bari a gama da shi. Akwai na gama-gari akwai na iridiyom, wato wanda aka yi bakinsa da wani ƙarfe mai ƙarko. Na iridiyom bakinsa siriri ne, na kamfanin NGK milimita 0.6 na kamfanin Denso kuma har 0.4, ba ya buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ya bada tartsatsi kuma yana daɗewa, amma ɗan'uwa in matsalarka ta iska ce ko toshewar jet, wato ƴan ramukan da mai ke bi a cikin kafireta, fulogin iridiyom ba zai yi maka komai ba. Ni shawarata a lokacin neman matsala ka sayi na gama-gari orijina mai lambar da kamfanin mashin ya rubuta, ka daidaita gibinsa, a ƙananan mashina galibi milimita 0.6 zuwa 0.7 ne, in mashin ya warke sai ka yi tunanin iridiyom daga baya. Kada ka yarda a ba ka wata lamba a ce ai zaren ɗaya ne zai shiga, lambar tsakiyar nan ta zafi ce, a NGK duk sanda lamba ta ƙaru fulogin ya fi sanyi, wanda ya yi sanyi da yawa zai riƙa yin baƙi wanda ya yi zafi da yawa kuma yana iya cutar da fistin. Jabu sun cika kasuwa, ka dubi rubutun jiki ko ya fita tsaf, zoben ƙarfen da ke gindin zaren kuma a orijina ba ya zamewa ya faɗo da kansa. Hular fulogi ma ana mantawa da ita, yawancinsu suna da resista kusan kilo-om 5 a ciki, in ta tsage ko ta ƙone wuta za ta riƙa yankewa, gara ka canja ta kafin ka kai ga koyil.

Yanzu babbar magana, kafireta. Ya kamata mai mashin ya san cewa kafireta ba hanya ɗaya take bada mai ba. Daga silo zuwa kusan kwata na totur ƙaramin jet ne ke aiki, daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allurar da ke cikin kafiretar ce, daga nan zuwa ƙarshe babban jet. Tafiyar da kake yi a titi ka riƙe hannu wuri ɗaya tana faɗawa ne daidai inda ƙaramin jet ke miƙa wa allura aiki, shi ya sa mashin zai iya gudu lafiya a ƙarshen totur amma ya riƙa inda-inda a tsakiya, kuma shi ya sa wanda ya ce maka a canja babban jet bai fahimci matsalar ba. Ramin ƙaramin jet ɗin nan ko allurar ɗinki ba ta shiga, ɗan datti ko man da ya kwana ya yi danƙo ya isa ya rage shi.

Zaɓi uku ne a gabanka. Na farko a wanke taka ta asali a sa mata kit ɗin gyara, na biyu a sayi kwafi mai araha, na uku a sayi sabuwa orijina irin Keihin ko Mikuni ko dai wadda kamfanin ya sa. Ni dai ina tare da na farko ƙwarai, domin jikin kafiretar asali da wuya ya lalace, abin da ke ƙarewa gasket ne da ƴan zobunan roba da bawul ɗin fulot mai tsayar da mai in kwanon kafireta ya cika, da allura. Amma wankin ya zama wanki na gaske, a kwance jet-jet ɗin a fesa maganin wanke kafireta a kowace hanya a bi da iska, ba a zura waya a rami ba don waya tana faɗaɗa shi kuma shi ke nan an ɓata ma'aunin. Wani abu kuma, kit masu araha jet ɗinsu da allurarsu sau da yawa lambar da ke jiki ba ta yi daidai da girman ramin ba, to ka ɗauki robobi da gasket daga kit ɗin ka mayar da jet ɗinka na asali bayan an wanke. Kwafi kuwa tana iya tada mashin har ka ji daɗi kwana biyu, amma ba a saita ta don injinka ba, sai ka ga an yi ta murɗa sukurun iska ba a samu daidai ba, mai kuma yana tafiya. Ba na cewa duk kwafi banza ce, in taka ta fashe ko zaren ya mutu kuma ba halin orijina za ta fitar da kai, amma in taka tana da rai kada ka yar da ita. Sabuwa orijina sai in silaid, wato abin da ke tashi ya buɗe wa iska hanya in ka murɗa totur, ya cinye yana rawa a cikin gidansa, wannan kam wanki ba ya magani. In kafiretarka irin mai faifan roba a sama ce, ka cire robar ka ɗaga ta a haske, ƙaramin huji ya isa ya hana silaid tashi daidai, kuma ana samun robar ita kaɗai ba sai an sayi kafireta gaba ɗaya ba.

Kuma kafin ma a kwance kafireta a duba wuyan robar da ke haɗa ta da injin. Yana tsufa ya tsattsage ya riƙa shan iska ta gefe. Injin yana silo ka fesa ɗan maganin kafireta a wurin, in ƙarar ta canja to akwai yoyo, amma a yi hattara kada feshin ya taɓa salansa mai zafi. Kada ka tsaya liƙe shi da gam, sabo za ka saya.

Filtar iska ba doguwar magana ba ce. Ta takarda canja ta ake yi, ta soso ana wankewa a shafa mata mai kaɗan a matse, duka biyun lafiya lau in irin wadda mashin ya zo da ita ce. Wadda nake hana mutane ita ce buɗaɗɗiyar nan da ake cire akwatin iska a maƙala don mashin ya yi ƙara, tana ƙara iska ba tare da ƙarin mai ba, ita kanta tana haifar da fizgar da muke magana, haka ma salansar da aka fasa. In bayan ka sa ɗayansu matsalar ta fara to ka san inda za ka koma.

Akwai kuma wanda zai yi tafiya lafiya na ɗan lokaci sannan ya fara shaƙewa, ka tsaya ka buɗe murfin tanki ka ji fuuu iska ta shiga, ka tashi ya warke. Wannan ramin numfashin murfin ne ya toshe, ba abin saye sai tsaftacewa. Ka zubar da man kwanon kafireta a kwalba mai haske ka gani, ruwa yana kwanciya a ƙasa. In tankin yana da tsatsa ƴar filtar mai ta tiyo tana taimakawa. Bawul ɗin injin da suka matse ma suna kawo rashin daidaito in injin ya yi zafi, shi ma saiti ne wurin bakanike.

Masu mashin na injekta, wato wanda ba shi da kafireta kwamfuta ce ke sarrafa feshin mai, lissafinku daban ne, kuma a nan ne saye da ka ya fi zafi domin kayan suna da tsada. Ku fara da batir, a kashe ya nuna kusan bolt 12.6, injin yana aiki kuma 13.5 zuwa 14.5, kwamfutar injin ba ta son wuta mai rawa kuma kan batir da ya saki kaɗai yana iya kawo fizga. Sannan a karanta lambar matsala in fitilar injin ta kama. Maganin da ake zubawa a tanki yana taimakawa in dattin kaɗan ne, in injekta ta toshe sosai sai an cire an wanke ta a na'ura. Famfon mai a auna ƙarfinsa kafin a saya, da yawa suna aiki a matsin kusan bar 3, kuma sau tari matatar da ke jikinsa ce ta toshe ba famfon ne ya mutu ba. Sensar totur tana cinyewa a daidai wurin da hannu ya fi zama, shi ya sa take yankewa a tafiyar titi, ana gane ta da mita in an buɗe totur a hankali aka ga lambar ta yi tsalle, kuma ita kam orijina za ka nema domin kwafinta ba ta da tabbas. Akwai mashinan da tun daga kamfani suke ɗan yin wannan fizgar saboda sensar da ke salansa tana riƙe haɗin iska da mai a wajen 14.7 zuwa 1 don rage hayaƙi, su ne ake sayar wa ƙarin akwati mai canja yawan man da ake fesawa irin Power Commander ko a sake rubuta kwamfutar. Akwatin ana iya cire shi a koma yadda ake, sake rubutun kuma ya fi tsafta in a hannun wanda ya iya ne, amma duka biyun suna iya kashe garanti kuma a wasu ƙasashe doka ta hana a titi. In mashin ɗinka da lafiya yake tafiya daga baya ya fara fizga, to wani abu ne ya lalace, akwatin nan ba naka ba ne tukuna sai an gano shi an gyara.