Ƙofa sittin: taragon da ya fi burge ni tsakanin Makka, Dubai da Gwanzu

Cikin jiragen ƙasa na cikin gari da Allah Ya sa na shiga a yawon fatauci da na ibada, wanda na ba lamba ɗaya shi ne wanda ba ya aiki sai a kwanakin Hajji, wato koren jirgin nan da ke jigilar alhazai tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa, wanda ake kira jirgin Masha'ir. Na san da yawa a Kantin Kwari ba za su yarda ba. Maƙwabcina a layi, wanda ya fi ni sanin Dubai nesa ba kusa ba, da zarar na ɗauko maganar sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Haba Alhaji! Jirgin da mutum zai tafi a tsaye shi za ka haɗa da na Dubai?" Shi kujera yake dubawa, ni kuwa ƙofa nake ƙirgawa.

Dalilina shi ne, jirgin cikin gari ba jirgin Kano zuwa Legas ba ne, da fasinja zai miƙe ƙafa ya kwana a hanya. Tafiyar minti goma ce ko ashirin, tsayuwar tasha kuwa ba ta cika minti ɗaya. A 'yan daƙiƙun nan ne dole masu sauka su fice, masu hawa su shige. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta bas daga Bata zuwa Kurna ya san abin da ƙofa ɗaya ke jawowa: kai kaɗai za ka sauka, amma sai mutum shida sun fito sun tsaya a rana. To jirgi ma haka ne, sai dai shi mutum dubu yake tsayarwa.

Jirgin Masha'ir ya fara aiki a Hajjin 2010. Kamfanin Chaina ne ya shimfiɗa layin, taragan kuma a birnin Changchun aka ƙera su. Ba a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya ba, a kan gadar sama yake, tsawon kilomita 18 da 'yan kai, da tasha tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. Ta ƙarshe a Mina tana daf da wurin jifa. Kowane jirgi tarago 12 ne, kowane tarago ƙofa biyar a gefe ɗaya. Ka lissafa: ƙofa sittin ke buɗewa a lokaci guda. Jirgin yana ɗaukar mutum 3,000, ke nan mutum hamsin ne rabon kowace ƙofa. An tsara layin ya kwashe mutum 72,000 a awa ɗaya zuwa ɓangare ɗaya, kuma ban san wani jirgin da aka ɗora wa irin wannan nauyi ba.

Ba kowane alhaji ke shigarsa ba, yawancin alhazanmu bas ke kwasarsu. Ni na dace ne a shekarar da na bi jirgin yawo, tantinmu ya faɗo kusa da tasha, aka haɗa mana da tikiti. Tikitin ma ba takarda ba ce, wani abu ne ake ɗaura maka a wuyan hannu, a haska shi a bakin shiga.

Abin da na gani ranar Arfa shi ya saye ni. Ba a barin jama'a su kwararo bakin jirgi haka kawai. Ana tara ku a wani fili a tashar, a ƙirga daidai cikin jirgi ɗaya, a raba ku gida-gida, kowane rukuni yana fuskantar ƙofarsa. Tsakaninku da dogo akwai shinge mai ƙofofi da ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya cak. Yana tsayawa, ƙofar shinge da ta tarago suka ja baya tare, muka shiga. Wani dattijo ɗan Pakistan da ke gabana yana riƙe da lema a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma yana jan tsohuwarsa, bai ko sauya taku ba, domin daɓen tasha da na tarago daidai suke, babu matakala. Kafin in gama gyara haramina a kafaɗa an rufe, filin da muka bari ya zama wayam, ana cika shi da wasu. Sanyin esi ya bugi gumin jikinmu, wani ya ɗaga murya da Labbaika, tarago gaba ɗaya ya amsa. Ta taga kana hango fararen tantunan Mina suna wucewa a ƙasa, da jerin bas-bas da suka cushe a hanya.

Kujerun kaɗan ne, gaskiyar maƙwabcina ke nan. Benci ne a jikin bango, an bar tsakiya fili da sanduna da igiyoyin riƙewa. Tsofaffi da mata ake bar wa zama, saura kowa ya kama ƙarfe. Amma tafiyar da ba ta wuce kamar minti ashirin ba, wa ke neman kushin? A lokacin da aka fi cunkoso ma jirgin ba ya bin tasha-tasha, daga inda ya ɗebe ku sai inda zai sauke ku. Wahalar tana waje: tattakin zuwa tasha, da hawan gangaren da ke kai ka sama, da jira cikin zafi, musamman bayan faɗuwar rana a Arfa da kowa ke son tashi zuwa Muzdalifa a sa'a ɗaya. Wannan kuma Hajji ne, mai rauni ya shirya masa da ruwa da haƙuri.

Na Dubai fa, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya fi kyau a ido. An buɗe shi ranar 9 ga watan 9 na 2009, kuma ba shi da direba, na'ura ke tuƙa shi daga ɗakin kula. Taragan farko kamfanin Kinki Sharyo na Japan ne ya yi su, biyar-biyar a jirgi, suna ɗaukar mutum ɗari shida da wani abu. Daga baya da aka ƙara layi zuwa filin baje kolin Expo 2020 aka sayo na Alstom. Tunda babu ɗakin direba, gilashi ne a goshin jirgin, sai ka tsaya ka ga dogo yana shigowa ƙarƙashin ƙafarka, benaye suna wucewa dama da hagu. Na ga manya masu furfura suna rige-rigen wurin nan da yara, ni ma ban ce ban yi ba.

Ga ɗan kasuwa yana da amfani sosai. Tashar Baniyas Square tana tsakiyar Deira, inda mutanenmu ke sauka, a kan koren layi, daga nan tasha ɗaya ce zuwa Union inda za ka koma jan layi, wanda ya bi ta filin jirgin sama. Tashoshin rufaffu ne da esi, ba ka jin zafin waje sai ka fito titi. Akwai sashen masu hali da suke kira Gold Class, kuɗinsa ninki biyu, da kujerun fata. Akwai kuma sashen mata da yara, an ja layi a ƙasa, namijin da ya tsallaka tarar dirhami 100 ce a kansa. Wannan sashe shi ne abin da na fi yaba masa, kuma Hajiya da muka je tare ta ce ko don shi kaɗai ta zaɓi na Dubai. Masar ma, wadda ta riga kowa a Afirka da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, ta ware wa mata taragai a jirgin Alƙahira. Gargaɗi ga Bakano: ci da sha haramun ne a ciki, har cingam, saboda haka goron nan a bar shi a aljihu sai an sauka.

Inda ya gaza a wurina shi ne tarago biyar sun yi kaɗan, ga shi an yanki wani sashe an ba masu hali. Da yamma idan ma'aikata suka tashi, sashen talakawa sai ya cika maƙil, na kusa da ƙofa ya zama shi ne ƙofar. Na lura a sababbin taragan an mayar da kujerun talakawa jikin bango an buɗe tsakiya. Da na nuna wa maƙwabcina wannan na ce, "Alhaji, ka ga su ma sun dawo layina," sai ya ce ai ni ba a gama musu da ni.

Gwanzu ta ƙasar Chaina kuwa makaranta ce ga mai son gane bambancin tarago, domin a tafiyar tasha biyu za ka ɗanɗana iri biyu. Daga Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata suka fi taruwa, ka hau layi na 5, tasha ɗaya ka sauka a babbar tashar jirgin ƙasa, ka sauya zuwa layi na 2, tasha ɗaya kana Sanyuanli wajen kasuwannin kaya. Taragon layi na 2 babba ne, faɗinsa mita uku, ƙofa biyar a gefe, dangin na Masha'ir ne. Na layi na 5 ya fi ƙanƙanta, kuma injinsa daban ne. Idan ka leƙa tsakanin dogayen biyu za ka ga wani faranti na ƙarfe shimfiɗe tun daga farkon layi har ƙarshe. Ƙarfin maganaɗisu tsakanin cikin jirgin da farantin nan shi ke jan sa, ƙafafun ɗaukar nauyi kawai suke yi. Amfaninsa, jirgin yana iya hawan tudu da shan kwana mai tsanani, ramin da za a haƙa masa ma bai kai na babban tarago faɗi ba. Masu sha'awar jirage suna ji da shi saboda wannan dabara da kuma kukan da yake yi idan ya ɗauki gudu. Ni fasinja, abin da na sani shi ne da safe ya fi matsi.

Benci a can na farin ƙarfe ne mai sulɓi. Idan ka zauna da sabuwar shadda jirgi ya ja, sai ka ji kana zamewa a hankali zuwa jikin Basinen da ke gefenka, ya taka birki ka dawo. Amma fa ƙarfen nan ba ya yagewa, ba ya riƙe datti, tsumma ɗaya ya wadatar. Tikitin tafiya ɗaya wani ɗan kwabon roba ne, ka taɓa shi a shiga, ka jefa shi a rami a fita, a sake sayar wa wani. Kowace jaka sai ta bi ta na'urar bincike a bakin tasha.

Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya shi ne ya nuna mini cewa wannan musu namu na kasuwa akwai masu yin sa da gaske a duniya. Shi gwaninsa wani tsohon tarago ne na birnin Niyok mai suna R32, na farin ƙarfe mai gurji-gurji a jiki, wanda kamfanin Budd ya ƙera a 1964, bai bar aiki ba sai farkon 2022. Ya ce, "Kawu, abin da ya yi shekara hamsin da wani abu yana ɗaukar mutane kullum, ai shi ne jirgi." Ba shi da laifi, ƙarko ma abin dubawa ne, kuma a nan dole in sassauta murya, domin gwanina hutu yake yi wata goma sha ɗaya da 'yan kai a shekara. Ya kuma nuna mini sababbin taragan Landan da suka fara aiki a 2010, masu esi, waɗanda babu ƙofa tsakanin tarago da tarago, sai ka taka daga goshi har wutsiya. Wannan dabara ce mai kyau, tana baje cunkoso, kuma na Dubai da na Gwanzu duk haka suke.

Dogo ya iso Kano tun 1911, amma har yau adaidaita sahu ke riƙe da garin. Legas ta fara nata jirgin lantarki a watan Satumba na 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, da taragan Chaina. Mu nan an daɗe ana maganar jirgin cikin gari. Ranar da za a zauna zaɓen tarago, da za a tambaye ni, babba mai ƙofa biyar zan ce, da benci na ƙarfe a jikin bango, da esin da aka gwada a ƙasa mai zafi da ƙura, domin watan Afrilun Kano da hazon hunturu ba sa raga wa na'ura. A ware wa mata taragonsu tun ranar farko. Sashen masu hali kuwa a bar wa Dubai, mai hali a Kano yana da motarsa.

Sai abu ɗaya da duk ukun ba su tanada ba, wato wurin manyan kayan 'yan kasuwa. A Dubai an ƙayyade girman akwatin da za ka shiga da shi, a Gwanzu ma ba za ka wuce bakin tasha da dila ba. Mu kuwa wanda ya taso daga Rijiyar Lemo ko Na'ibawa zuwa Kwari ko Singa ba hannu rabbana zai koma ba: ga bandir ɗin yadi, ga kwalin taliya, ga ganamasgo cike da atamfa. Abokan sana'armu masu zuwa Indiya sun ce jiragen unguwannin Mumbai suna da sashe na musamman don 'yan kasuwa da kayansu, babu kujera sosai, fili ne kawai da ƙofa mai faɗi. Jirgin Kano in bai zo da irin wannan tarago ba, rabin fasinjan Kwari suna nan bakin titi suna tsayar da ɗan sahu.