Xfce a kan tsohuwar kwamfuta: abin da na gani bayan wata shida

Da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsohuwar kwamfutata ƙirar ThinkPad mai gigabait 4 na RAM ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka na koma Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows. A can ne na tarar da wata tambayar da ban taɓa fuskanta ba, wato wace farfajiya zan ɗora, domin a Linux fuskar kwamfuta da yadda tagogi ke buɗewa zaɓin mai ita ne.

Na fara da GNOME, wadda tun sauyin da aka yi mata a 2011 take ɓoye tagogi sai an shiga wani shafi na musamman a gan su. Tana da kyan gani, amma da na buɗe Firefox da LibreOffice tare sai na'urar ta fara nishi. KDE Plasma ta fi ta sauƙi, sai dai yawan saitocinta ya cinye mini yini guda ina gyare-gyaren da ba su ƙare ni da komai ba.

Xfce, wadda Bafaranshe Olivier Fourdan ya ƙirƙiro a 1996, ita ce ta zauna mini. Ba ta da ƙawa, kuma wanda ya saba da tsofaffin Windows ba zai yi ɗimuwa a cikinta ba, saboda jerin manhajoji da agogo da tagogin da aka buɗe duk suna kan sanda guda. Abin da ya fi burge ni shi ne Thunar, manhajar duba fayiloli, wadda da ita na sauya sunayen hotuna fiye da ɗari a lokaci ɗaya. Haka kuma cikin saitin madannai na samu tsarin Hausa na Najeriya, na sa alamarsa kusa da agogo, yanzu da dannawa ɗaya nake samun ɓ da ɗ da ƙ ba tare da na kwafo su daga wani wuri ba.

Batun jera tagogi kuwa, na gwada i3, wata manhajar tsara tagogi a allo, na mako biyu, saboda yadda masu rubuta manhaja ke yabonta. Ita a tsarinta na asali ba ta barin taga ta hau kan wata: kowace sabuwa sai ta raba allon da 'yan uwanta kamar tayil, kuma kusan komai da madannai ake yi, saitinta ma a fayil ake rubutawa. Ga mai aiki da tagogin da ake rubuta wa kwamfuta umarni uku ko huɗu wannan riba ce, amma a allo mai inci 14 taga ta uku kan matse rubutu har ya gagara karantawa, ga shi ranar da ƙanwata ta ari kwamfutar ko intanet ta kasa buɗewa. Xfwm4, mai kula da tagogin Xfce, yana ba ni rabin allo idan na ja taga zuwa gefe, kuma iyakar buƙatata ke nan.

Aibin Xfce a fili yake. Kamanninta na asali sun tsufa, sabon fitowa kan ɗauki kimanin shekara biyu, kuma goyon bayan Wayland, sabon tsarin nuna tagogi a allo na Linux, da ya zo da fitowa ta 4.20 a Disamban 2024 na gwaji ne. Mai sabuwar kwamfuta mai kaifin allo ya fara gwada Plasma. Mai irin tawa kuwa ya sauke Linux Mint, wani nau'in Linux, wanda ke zuwa da Xfce, ya jarraba shi daga filashi kafin ya goge komai.