Sharhi kan wani ofishin lauyoyi mai tsara walicci da wakilci ga manya masu raunin fahimta

A yawancin ƙasashen duniya, ranar da yaro ya cika shekara 18 doka takan ɗauke shi a matsayin babba mai ikon kansa, kuma wannan hukunci bai ware wanda aka haifa da raunin fahimta ba. Ikon da uwa da uba suke da shi na sa hannu a madadinsa, ko karɓar bayanin lafiyarsa daga likita, ko juya kuɗin da ke asusunsa, yakan ƙare a wannan rana, ko da kuwa su ne suke ci gaba da ɗawainiyarsa dare da rana. Iyalai da yawa ba sa farga da haka sai ranar da banki ya ƙi karɓar sa hannunsu, ko kuma aka zo rabon gado aka nemi wanda zai tsaya wa mai raunin. A irin wannan gaɓa ce ake neman ofishi irin wanda nake sharhi a kansa. Ƙaramin ofishi ne na lauyoyi, tare da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a guda ɗaya, kuma ya keɓe aikinsa ga tsara walicci da wakilci da kare dukiyar manya masu raunin fahimta. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma koke.

Na je wurinsu ne saboda ƙanena, wanda ya haura shekara 30. Yana zuwa wurin aikinsa shi kaɗai ta hanyar da ya saba, ya san magungunansa da lokutan shan su, yana kuma da ra'ayi mai ƙarfi a kan wanda yake so da wanda ba ya so. Amma idan kuɗi suka yi yawa lissafi yakan ɓace masa, kuma duk wanda ya sakar masa fuska ba ya iya ce masa a'a. Da mahaifinmu ya rasu ya bar masa kaso a cikin gida, ga mahaifiyarmu kuma girma ya kama ta, sai muka yanke cewa mafita ita ce kotu ta naɗa ni waliyyinsa a kan komai. Da wannan buƙata muka shiga ofishin, kuma ba ita muka fito da ita ba.

Tun a waya suka shaida mana cewa ba za su zauna da mu ba sai tare da shi. Da muka je, lauyar da aka haɗa mu da ita ta fara gaishe shi kafin ta gaishe mu, ta bayyana masa ko ita wace ce da gajerun jimloli, sa'an nan ta tambaye shi kai tsaye: “Malam, idan za ka je ganin likita, wa kake so ya raka ka?” Ya nuna ni ya ce, “Yaya. Amma ni zan yi magana.” Bayan haka ta nemi mu ba su wuri, ita da shi da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, domin su ji ta bakinsa ba tare da idonmu a kansa ba. Mahaifiyarmu ba ta ji daɗin wannan ba, kuma na fahimci dalilinta, domin ita ta raine shi tun yana jariri. Duk da haka ina ganin a nan ne ofishin ya nuna ya san aikinsa. Mutumin da ya saba a yi magana a madadinsa yakan duba fuskar na gaba da shi kafin ya amsa, kuma lauyan da bai raba shi da danginsa na ɗan lokaci ba, ra'ayin dangin kawai zai rubuta.

Yadda suka auna fahimtarsa ma ya bambanta da abin da na zata. Ba su nemi amsa ɗaya ta cewa yana da hankali ko ba shi da shi ba, kuma sun bambance mana raunin fahimta, wanda yake bayyana tun ƙuruciya kuma ya shafi koyo da tafiyar da harkokin yau da kullum, da taɓin hankali, wanda wani abu ne daban. Kowace shawara sun ɗauke ta ita kaɗai: zaɓen wurin zama, yarda da magani, kashe albashi, sayar da kason gida. A kan kowace suna duba ko ya gane bayanin da ya shafe ta, ko zai iya riƙe shi har ya yanke shawara, ko zai iya auna amfani da illa, da kuma ko zai iya isar da abin da ya zaɓa ta kowace hanya. Waɗannan ma'aunai huɗu su ne dokar Ingila da Wales ta shekarar 2005 ta tanada, kuma ita dokar ce ta ce a ɗauki mutum a matsayin mai iya yanke shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kuma ba za a ce ya kasa ba don kawai ya zaɓi abin da wasu suke ganin rashin dabara ne. Na kawo musu ƙorafin cewa yana ƙarar da albashinsa a kan kyauta ga abokai. Lauyar ta tambaye ni ko hakan ya taɓa hana shi abinci ko magani. Bai taɓa ba. Ta ce to wannan kuɗinsa ne, kuma abin da ya kamata a tsare shi ne kada wani ya ci da guminsa ta hanyar yaudara.

Daga nan suka zayyana mana abin da cikakken walicci yake ƙwacewa. Wanda aka ɗora wa shi yakan rasa ikon ƙulla yarjejeniya da zaɓen inda zai zauna da amincewa da aikin likita a jikinsa, a wasu ƙasashen ma har da aure da jefa ƙuri'a, kuma samun umarnin kotu ya fi soke shi sauƙi nesa ba kusa ba. Sun danganta bayanin nasu da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a watan Disamba na 2006 ta kuma fara aiki a watan Mayu na 2008. Sashe na 12 nata ya ce masu naƙasa suna da iko a gaban doka daidai da kowa a duk fannonin rayuwa, kuma wajibi ne ƙasashe su samar musu da tallafin da suke buƙata domin amfani da wannan iko. A 2014 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya ƙara gaba, ya ce a sauya tsarin yanke shawara a madadin mutum da tsarin tallafa masa ya yanke da kansa, kuma inda ba a iya jin ta bakinsa ba, a bi fassarar da ta fi kusa da nufinsa da zaɓinsa maimakon abin da wasu suke ganin ya fi masa alheri. Peru a 2018, Kolombiya a 2019 da Sifaniya a 2021 sun gyara dokokinsu ta wannan fuska.

Abin da ya ƙara mini yarda da su shi ne ba su ɓoye cewa akwai saɓani a kan wannan ba. Kanada da Ostireliya sun shiga yarjejeniyar ne tare da bayyana cewa a fahimtarsu an yarda a yanke wa mutum shawara a madadinsa idan ya zama dole kuma da matakan kariya. Akwai mutanen da rauninsu ya yi tsanani har ba sa magana, kuma iyalansu suna da gaskiya idan suka ce wani ne zai sa hannu ranar da za a yi musu tiyata. Lauyar ta ce a irin wannan hali suna zuwa kotu neman walicci, amma suna roƙon a iyakance shi ga fannonin da aka ambata da suna, kamar yadda ake yi a Jamus tun 1992, inda naɗa wa mutum mai kula da shi ba ya soke ikonsa a gaban doka kai tsaye. Ni ma ra'ayina ke nan. Wanda ya ce kada a taɓa yanke wa kowa shawara bai zauna da iyalin da ke kula da mai tsananin rauni ba, wanda kuma yake ba kowa cikakken walicci ya zaɓi abin da ya fi masa sauƙi ne.

Tsarin da suka yi wa ƙanena ya bar mafi yawan al'amuransa a hannunsa. Albashinsa yana shiga asusun da shi kaɗai yake sarrafawa. A kan lafiya an rubuta yarjejeniyar tallafi, wadda ta ba ni damar shiga ɗakin likita da shi da jin bayani da sake fassara masa shi, amma shi ne mai cewa e ko a'a. Kason gidan ne kaɗai aka kai gaban kotu, aka samu umarnin cewa ba za a sayar da shi ko a jinginar ba sai da izininta. Sun kuma gyara mana wata fahimta da na san iyalai da dama suna da ita, wato cewa takardar wakilci ta wadatar. Takardar wakilci tana inganta ne idan mai ba da ita ya gane abin da yake miƙawa, kuma sa hannun da aka karɓa daga wanda bai gane ba ana iya rushe shi a kotu, wani lokaci ma ya jawo wa wanda ya karɓa tuhuma. Lardin British Columbia na Kanada ya sassauta wannan sharaɗi a dokarsa ta yarjejeniyar wakilci, wadda ta fara aiki a 2000, inda ake duba ko mutum ya nuna yana son wakili, ko yana iya nuna abin da yake so da wanda ba ya so, da kuma ko akwai amana tsakaninsa da wakilin. Amma wannan sassauci ba a ko'ina yake ba, don haka dole a tambayi abin da dokar ƙasar mutum ta tanada.

Magana mafi nauyi da aka faɗa a ofishin ni aka faɗa wa. Lauyar ta tuna mini cewa ni ma ina da kaso a gidan nan, saboda haka duk ranar da maganar sayarwa ta taso, amfanina da nasa za su iya cin karo, komai kyawun niyyata. Ta ba da shawarar a sa mutum na uku wanda ba magaji ba ne ya riƙa duba abin da nake yi, kuma ƙanena ne ya zaɓe shi. Maganar ta yi mini ɗaci, amma daidai take da abin da sashe na 12 ya nema, cewa matakan da suka shafi ikon mutum su kuɓuta daga cin karon buƙatu da tasirin da bai dace ba, su dace da halinsa, su ɗauki mafi ƙarancin lokaci, kuma wata hukuma mai zaman kanta ko kotu ta riƙa sake duba su. Cutar da ake yi wa masu raunin fahimta a dukiyarsu sau da yawa daga na kusa take fitowa, kuma lauyan da yake jin nauyin faɗa wa wanda ya biya shi wannan gaskiyar bai kare kowa ba.

Kokena ya fara ne daga ranar da aka gama sa hannu. Ofishin ya ɗauki aikinsa a matsayin wanda ya ƙare da takarda, alhali wahalar daga nan take somawa. Ma'aikacin banki bai taɓa ganin yarjejeniyar tallafi ba, ya dage sai an kawo masa takardar walicci. A asibiti kuma an ci gaba da yi mini magana ana tsallake mai jikin yana zaune. Da na nemi ofishin ya rubuta wasiƙar bayani ga bankin, an daɗe ba a amsa ba, kuma aka lissafa ta a matsayin sabon aiki da kuɗinsa daban, abin da ba a faɗa mana tun farko ba. Ba su koya mini yadda zan riƙa ajiye rasit da rubuta shawarwarin da aka yanke ba, duk da cewa su ne suka ce a sa mai duba ni, kuma mai dubawa ba shi da abin da zai duba idan babu rubutu. A Ingila wanda kotu ta naɗa yana miƙa rahoto kowace shekara ga ofishin gwamnati mai kula da wannan fanni, a Jamus kuma kotu ba ta wuce shekara 7 ba tare da ta sake duba naɗin ba. Ofishin da ya san duk wannan ya kamata ya sa ranar bita a cikin takardunsa ya kuma tunatar da iyali idan ta zo.

Akwai wasu giɓi biyu da suka fi waɗannan damuna. An yi wa ƙanena bayanin farko da sauƙaƙan kalmomi da hotuna, amma takardar ƙarshe da ya sa wa hannu tana cike da yaren lauyoyi, kuma ba a ba shi kwafi mai sauƙi da zai ajiye ya nuna wa wani idan ya ga ana saɓa masa ba. Ba a kuma gaya masa wanda zai kira idan yana son ya canza ni, ko da yake takardar ta ba shi wannan haƙƙi. Sa'an nan tambayar da take hana mahaifiyarmu barci, wato wa zai tsaya masa idan babu ita kuma babu ni, layi ɗaya kawai ta samu na sunan wanda zai maye gurbina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: abin da iyali suka sani game da yadda mutum yake nuna ciwo, da abin da ke tsorata shi, da waɗanda yake sakin jiki da su, ya kamata a rubuta shi tun masu sanin suna raye, kuma ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke ofishin ita ce ta fi dacewa da wannan aiki, amma ba a sa ta ba.

Ga iyalin da ɗan'uwansu yake iya bayyana abin da yake so, ina ba da shawarar wannan ofishi da ire-irensa, da sharaɗin a nemi jerin kuɗin aiki a rubuce tun kafin a fara, a tabbatar ya haɗa da wasiƙu zuwa banki da asibiti da zaman bita bayan shekara. Iyalin da nasu ba ya magana kuwa, su tambayi lauyan tun zaman farko ta wace hanya zai gano nufinsa, da su wa zai tuntuɓa ban da wanda ya kawo shi, da kuma fannonin da zai roƙi kotu ta bar masa a hannunsa.