Shagon aika kuɗi na bakin kasuwar Tawa: akwai mutunci, amma kuɗi na ƙarewa da wuri

Shagon aika kuɗi da ke kusa da babbar kasuwar Tawa yana cikin wuraren da gidajen Adar suka dogara da su, domin ta nan ne gumin ƴan cirani da ke Abijan, Kano da Legas yake isa hannun iyayensu da matansu. Mai karɓa zai miƙa katin ɗan ƙasa da lambar sirrin da aka turo masa ta waya, ma'aikaciya ta ƙirga kuɗin sau biyu a gabansa, sannan ta ba shi rasit. Suna da haƙuri da tsofaffi, har na ji ɗayarsu tana maimaita wa wata dattijuwa lissafi jika-jika, tana cewa, "Inna, ki ƙulle su a bakin zane kafin ki fita."

Wanda ɗansa ke Abijan ya fi kowa morewa, tunda Kwaddebuwa da Nijar sefa ɗaya suke kashewa, babu asarar canji. Na Najeriya kuwa abin da ke isowa ya ragu ƙwarai tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma wannan ba laifin shagon ba ne.

Laifinsu shi ne rashin tanadi. Tallafin ƙasashen waje siyasa yake bi, kamar yadda Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da nasu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, masu zuba jari kuma man Agadem da yuraniyom na Arlit suke hange. Kuɗin ɗan cirani kuwa buƙatar gida ce ke kiransa, saboda haka yakan kwararo a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da kuma gab da Sallar Layya. Tunda kowa ya san wannan lokaci, babu uzurin da zai sa akwatinsu ya bushe kafin azahar, a ce wa matan da suka biya kuɗin mota daga ƙauye su dawo gobe.

Haka nan ba su manna jadawalin ladan aike a bango ba, alhali Bankin Duniya ya nuna cewa aika kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, wajen kashi 8 cikin 100, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana neman ya sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Mai niyyar zuwa ya yi sammako, ya kuma tambayi ladan tun kafin ya miƙa kuɗinsa.