Hattara da mai tallar "yashin Malawi" a Kaduna

Masu kiwon kifin ado a garin Kaduna, da waɗanda ke shirin sayen tankin gilashi karon farko, don Allah ku buɗe ido. Akwai wani mutum da ke tallar yashin shimfiɗawa a ƙasan tanki ta WhatsApp da Facebook, yana kiransa "yashin Malawi", wai daga waje ake kawo masa. Ba shi da shago. Lambar waya da sunan shafi yakan sauya su, amma salonsa ɗaya ne: zai turo maka bidiyon tanki mai ruwa garau da kifaye masu launi, ya ce kaya saura kaɗan, ka tura kuɗi duka, sannan mai Keke Napep ya miƙo maka leda a bakin titi, ko a Kawo kake ko a Barnawa. Shi kansa ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Da tsada ce kaɗai da na yi shiru, ciniki yarda ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne sharaɗi biyu da yake gindaya wa mai saye. Na farko, kada a wanke yashin, wai an riga an haɗa shi da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, wanki zai kashe su. Na biyu, a zuba kifi ranar da aka zuba yashin, ba sai an jira ba. Duka biyun ƙarya ce, kuma ƙaryar da ke kashe kifi.

'Yar yayata da ke Malali na cikin waɗanda ya damfara. Ta tara kuɗinta ta sayi tanki don yaranta, ta bi abin da ya faɗa mata tiryan-tiryan. Da ta kira ni cewa ta yi, "Kawu, ruwan ya ƙi washewa, kifayen kuma sun taru a sama suna ta buɗe baki." Na tarar da ruwan kamar an dama koko, gilashin ya yi wani zobe mai shuɗi-shuɗi a daidai inda ruwa ya tsaya. Na ɗebo ragowar yashin da ke leda na murza a tafin hannu da ɗan ruwa, sai launin ya bi hannuna, yashin ya koma ja-ja irin wanda tifa ke juyewa a wurin gini. Da na tankaɗe shi a rariya, ga guntun gawayi, ga ɓawon gyaɗa, ga wasu dunƙule-dunƙule masu toka-toka da ke farfashewa tsakanin yatsu. Na ɗiga musu ruwan kal, nan take suka fara kumfa. Siminti ne. Alama ta nuna daga wurin buga bulo aka share yashin, aka rina shi, aka ɗura a leda aka manna takarda. Ƙurar siminti tana ɗaga pH na ruwa sosai, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, ta ƙona wa kifi wurin numfashinsa. Ƙaramin yaron gidan ya tsaya yana tambayata ko kifin barci yake yi.

Ku lura da dabarar. Wanki ne kaɗai zai tona masa asiri, domin ruwan farko zai fito da rinin da dattin a idonka, shi ya sa ya hana. Ƙwayoyin da yake fakewa da su kuwa gaskiya ne akwai su, amma ba sa rayuwa a busasshen yashin da aka ƙulle a leda cikin zafin Kaduna. Danshi da iska suke bukata. A cikin tankinka suke girma, a jikin soson matatar ruwa da kan yashi, su mayar da amoniyar da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret wanda cutarwarsa ba ta kai ta na farkon ba. Wannan aiki kan ɗauki mako 4 zuwa 6 a sabon tanki. Wanda ya ce ka cika tanki da kifi a ranar farko, ko bai sani ba ne ko yana da wata manufa.

Shi wannan yana da manufa. Da yarinyar ta koma masa da kuka, bai musa ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Cewa ya yi ruwan unguwarsu ne ba shi da kyau, ta turo kuɗin wani magani a kwalba marar suna, ta kuma sayi sabbin kifaye a wurinsa. A nan ribarsa take, a ciniki na biyu da na uku, bayan mutum ya rikice yana ganin laifinsa ne. Da ta ce a mayar mata da kuɗinta sai ya toshe lambarta.

Ko sunan da ya sa wa kayan ma yaudara ce. Yashin da ake zuba wa kifayen tafkin Malawi da Tanganyika, waɗanda dangin karfasa ne, yawanci nikakken murjani ne ko makamancinsa mai sinadarin kalsiyam, don su ruwa mai nauyi suke so, wato mai yawan ma'adinai, mai pH wajen 8. Irin wannan yashi yana kumfa da ruwan kal, kuma a gare su daidai ne. Amma ga kifaye irin su tetra da ke son ruwa mai laushi, cutarwa ce. Mai sayarwa na gaskiya kafin ya auna maka komai zai tambaye ka wane kifi za ka saka. Wannan bai taɓa tambaya ba.

Ga yawancin tankunan gida abin da ake bukata ba wani abin a zo a gani ba ne: yashin silika tsantsa, wanda ba ya narkewa ba ya canza ruwa, mai ƙwaya kamar rabin milimita zuwa milimita 1. Yashin da ake zubawa a matatar wurin ninƙaya irinsa ne. Rairayi mai laushi sosai yana daskarewa ya hana iska shiga, mai kaifi kuma yana cinye gashin bakin ƙananan kifayen da ke tonon ƙasa, dangin tarwaɗa. Murza shi a bayan hannunka, in ya karce ka to su ma zai karce su.

Yashin Kogin Kaduna ana iya amfani da shi, ban hana ba, ni ma na ga tankuna masu kyau da aka yi da shi. Sai dai a san daga ina aka ɗebo. Duk wanda ya san inda magudanan Kakuri da Makera ke zuba ba zai so yashin ƙasa da nan a tankinsa ba, domin mai da sinadaran masana'anta wanki ba ya fitar da su duka. In kana da tabbacin wurin, ka tankaɗe, ka bi shi da maganaɗisu don ya kwashe ɓurɓushin ƙarfe, ka gwada ruwan kal a kan cokali guda, sannan ka tafasa shi a tsohuwar tukunya.

Wankin shi ne aikin, kuma ba shi da gajeriyar hanya. Zuba yashi kashi ɗaya cikin uku na bokiti, kada ka cika, ka kwarara ruwa kana juyawa da hannu har ƙasa, ka bar ƙwayoyin su kwanta ɗan lokaci ka tsiyaye na saman. Haka za ka yi ta maimaitawa har sai ka iya ganin yashin ta cikin ruwan. Sabulu ko omo kada su kusanci bokitin. Ko yashin da aka sayo daga shago mai tsada sai an wanke shi.

Kauri kuma santimita 3 ya isa, in za ka dasa tsirrai ka kai 5. In ya wuce haka, ƙasansa kan ruɓe ya tara iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ce ga kifi. Wannan lissafin zai kare maka aljihu: tanki mai tsawon santimita 60 da faɗin 30, a kauri 3, lita 5 da rabi ce ta yashi, wato kilo 8 zuwa 9. Mai tallar nan kuwa leda-leda yake dankara wa mutane. Lokacin cika tankin, ɗora faranti a kan yashin ka zuba ruwa a kansa a hankali don kada ya tashi. In ruwan famfo ne ka sa maganin cire kulorin, ka kunna matata, ka bar tankin ya nuna, wato ƙwayoyin nan masu amfani su girma a cikinsa, kafin ka fara da kifi biyu ko uku.

Wanda ya riga ya zuba yashin mutumin nan, ya kwashe kifayensa yau zuwa bokiti mai tsabta da injin iska, ya zubar da yashin gaba ɗaya, ya wanke tankin da soson matata da ruwa zalla. Kada ka goge hirarku da mai tallar. Ɗauki hotonta, ajiye shaidar tura kuɗin da lambar asusun da ya ba ka, ka kai wa bankinka ƙorafi, ka kuma shigar da ƙara a ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC. Lambar waya yana iya jefar da ita gobe, amma asusun banki akwai BVN a bayansa. In ƙorafin mutum biyar ya haɗu a kan asusu ɗaya, ya fi na mutum ɗaya nauyi, don haka duk wanda abin ya shafa ya nemi 'yan'uwansa a tafi tare.