Sikelin kicin na lantarki da awon garin kwakwa

Watanni shida ke nan ina amfani da wani ƙaramin sikeli na lantarki mai ɗaukar nauyi har kilo 5, wanda yake nuna awo giram ɗai-ɗai, kuma garin kwakwa ne ya sa na saye shi. Wannan gari ba ya yafe kuskure. Yana cike da faiba, ba shi da gulutin, wato sinadarin da ke sa kwaɓin alkama ya yi danƙo, yana kuma shan ruwa fiye da kima, don haka ƙarin cokali biyu kacal ya isa ya mayar da kek mai laushi busasshen abu mai marmashewa a hannu.

Matsalar kofi ita ce yana auna wurin da gari ya cike ne, ba yawan garin kansa ba. Ranar da sikelin ya iso na gwada abin da idona: na cika kofi ɗaya da garin da na tankaɗe, na sake cika shi ta hanyar luma shi cikin leda yadda garin ya danne, sai na ga bambancin ya haura giram 20, alhali kofin bai canza ba. Masu buga jadawalin awo ma ba su yi ittifaƙi ba. Da yawa suna lissafa kofin Amurka ɗaya a giram 112, kamfanin fulawa na King Arthur da ke Amurka kuwa ya sa shi a giram 128. Tazarar giram 16 ke nan, wato kimanin babban cokali biyu, tunda babban cokali na garin kwakwa bai wuce giram 7 zuwa 8 ba, kuma 16 daga cikinsu ne suke cika kofi. Sannan kofin ma iri-iri ne, domin na Amurka yana cin mililita kusan 237, na tsarin mita yana cin 250, babban cokalin Ostireliya kuma mililita 20 ne maimakon 15 da aka saba.

A nan ne sikelin ya nuna amfaninsa. Yana da madannin mayar da awo sifili, wanda yake cire nauyin kwano, saboda haka ina zuba gari kai tsaye, in danna, in ƙara abu na gaba ba tare da ɓata kofuna ba. Yana kuma sauya giram zuwa oza, abin da ya taimake ni ƙwarai, domin oza ɗaya giram 28 ne da ɗan ɗori, kusan daidai da kwatan kofi a lissafin giram 112. Wannan kwatan shi ne awon da na fi buƙata, tunda idan za a maye gurbin kofi ɗaya na fulawa, kwata zuwa sulusin kofin garin kwakwa ake sawa, a haɗa da ƙwai kamar ɗaya ga kowane kwata don kwaɓin ya kama jikinsa. Yanzu idan na ci karo da girkin da aka rubuta da kofi, da ƙaramin lissafin nan na giram 112 nake farawa, in bar kwaɓin ya huta minti biyar ya gama shan ruwansa, sannan in ƙara giram 7 idan ya yi ruwa. Ƙara gari abu ne mai sauƙi, amma ceto kwaɓin da ya riga ya daskare aiki ne.

Sikelin yana da nasa aibin. Yakan kashe kansa da wuri don tattalin batir, har sau biyu ya mutu ina tsakiyar fasa gudajin gari, dole na sake awo daga farko. Kwano mai faɗi yana rufe lambobin, sai mutum ya duƙa. Haka kuma ba na yarda da shi a ƙasa da giram 3, domin yakan yi jinkirin motsawa idan ana barbaɗa abu kaɗan-kaɗan, don haka gishiri da bakin hoda har yanzu da ƙaramin cokali nake auna su.

Wanda yake gasa abu da garin kwakwa ko da sau ɗaya ne a mako, ina ba shi shawarar ya mallaki irin wannan sikeli, amma ya nemi wanda fuskar lambobinsa ta fito waje da faranti, kuma ya tambayi tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya kashe kansa.