Molasis a miyar gashi irin ta Amurka: ra'ayina bayan kwalba ta ƙare

Kwalbar molasis ɗin da nake magana a kanta mai suna Grandma's ce, mai takarda ruwan ɗorawa, mililita 355. Na saye ta a kantin masu kayan waje don abu ɗaya tak: in haɗa miyar babakiyu da hannuna, irin mai duhun nan mai sheƙi da Amurkawa ke shafa wa gasasshen nama. Yanzu ta ƙare, har gindinta na ɗauraye da ruwan zafi na juye a tukunya, don haka ina ganin na isa in yi magana. Ta biya kuɗinta, amma ba ga kowa ba, kuma ba a kan kowace irin wuta ba.

Ga wanda bai san shi ba, molasis ɗan rake ne. Idan aka matse rake aka tafasa ruwan har sukari ya fito ƙwaya-ƙwaya, sai a kwashe sukarin, ruwa mai kauri da ya saura shi ne molasis. Ana maimaita tafasawar har sau uku, kowane zagaye zaƙi na raguwa, duhu da ɗaci na ƙaruwa. Na zagaye na ukun shi ne za ku ga an rubuta blackstrap a jikin kwalbarsa. Wanda na saya yana cikin masu sauƙin ɗaci, kuma an rubuta masa unsulphured, wato ba a sa masa sinadarin farar wuta na hana lalacewa ba. Ku duba waɗannan kalmomi biyu kafin ku miƙa kuɗi, don su ne ke raba miya mai daɗi da wadda za a ture gefe.

Ana buɗe murfin, ƙamshin rake da ya sha wuta ne ke fara dukan hanci, da ɗan ƙauri a bayansa. Ba baƙi ƙirin ba ne. Idan aka ɗaga cokali aka haska a taga, ja ne mai duhu. Zubarsa a hankali take, zare ɗaya dogo da ba ya tsinkewa, da hunturu kuwa sai mutum ya ƙosa da jira. A harshe zaƙi ke fara zuwa, sai ɗan tsami, sai wani siririn ɗaci da ke zama a maƙoshi. Wannan ɗacin na saya. Farin sukari zaƙi kaɗai gare shi, ya shigo ya wuce, shi kuwa molasis yana tsayawa ya yi gogayya da kitsen nama da hayaƙin gawayi.

Wani zai ce me ya sa ba zan sayi haɗaɗɗiyar miyar kawai ba, ga su nan jere a kanti. Da yawa daga cikinsu zaƙinsu na ruwan sukarin masara ne, molasis ɗin ɗan ɗigo ne don launi. Sannan akwai waɗanda ake zuba wa giyar bourbon, na kwalba da na littattafan girki duka. Abin da hannuna ya zuba, na san shi.

Kuma babakiyu a Amurka ba miya ɗaya ba ce. A gabashin Karolina ta Arewa khal ne da barkono, ko tumatir babu. A Karolina ta Kudu mastad suke sawa, miyar ta fito rawaya. A Alabama akwai fara, ta mayonis. Mai tumatir da molasis ta birnin Kansas ce, a jihar Misuri, kuma ko can ɗin ba da zaƙi aka fara ba. Henry Perry, baƙar fatan da ake ɗauka uban gashin birnin, ya fara sayar da nama a 1908 yana naɗe wa mutane a takardar jarida (mai tsiren bakin titinmu zai ce ashe ɗan'uwa ne), kuma miyarsa yaji ne ya rinjaye ta. Mai kauri da zaƙin nan daga baya ta yi ƙarfi, musamman bayan wani likita, Rich Davis, ya fito da miyar kwalba mai suna KC Masterpiece a 1977. Sanin wannan ne ya ba ni ƙarfin gwiwar rage zaƙi ba tare da jin na ɓata girkin mutane ba. Yawancin girkinsu suna haɗa molasis da jan sukari da kecof a tukunya ɗaya, zaƙi uku ke nan. Bakinmu bai saba da haka a kan nama ba.

Ga yadda tawa ta tsaya. Na bar kecof gaba ɗaya, don ya riga ya zo da nasa sukari da khal, ba ka da iko a kansa. Tumatirin gwangwani nake amfani da shi, mai giram 210. Ina gurza babbar albasa ɗaya da tafarnuwa ƙwaya huɗu, in soya a cokali biyu na man gyaɗa a wuta kaɗan har su yi laushi, ba su yi ja ba. Sai tumatirin ya shiga, in yi ta juyawa minti biyar don ɗanyen tsaminsa ya mutu. Daga nan ruwa kofi ɗaya da rabi, molasis babban cokali biyar, khal na tuffa cokali huɗu, ruwan tsamiya mai kauri cokali uku, mastad ƙaramin cokali ɗaya, masoro, barkono, gishiri, da kanumfari ƙwaya biyu. Kafin auna molasis ku shafa wa cokalin mai, zai sulale gaba ɗaya, ba sai kun bi shi da yatsa ba. Sai a rage wuta a bar ta minti 25 zuwa 30, ana juyawa, murfi a karkace don tana tartsatsi kuma ɗigonta na ƙona fata. Idan kuka tsoma cokali kuka ja layi da yatsa a bayansa, layin bai rufe ba, ta yi.

Abu biyu na sauya daga girkin asali, kuma su na fi alfahari da su. Kusan kowane girki zai ce a sa miyar Worcestershire ta Ingila. Da na karanta jikin kwalbarta mai suna Lea & Perrins sai na ga tsamiya ce a ciki, da molasis, da khal, da ƙananan kifaye. To tsamiya ai a gida take, molasis da khal kuma sun riga sun shiga tukunya. Gurbin kifin na cike da ɗan garin daddawa, abin da yatsa biyu za su ɗauka, kuma a kan naman sa ya zauna daram. Na biyu shi ne hayaƙi. Su suna zuba ruwan hayaƙi na kwalba ko garin tattasai da aka kyafe. Ni kimba ɗaya nake fasawa in jefa, in tsame ta da kanumfarin idan an sauke. Kada ta wuce ɗaya, ɗacinta na haɗuwa da na molasis su yi yawa. A bar miyar ta kwana a firji kafin a taɓa ta. Ranar da aka dafa khal ɗin na tsaye shi kaɗai yana sukar hanci, washegari kowa ya sami wurin zama.

Inda molasis ke kunyata mutum shi ne wurin wuta. Sukari na fara narkewa ya yi ja a wajen digiri 160 na ma'aunin Salshiyos, ya ɗan wuce nan sai ƙuna, garwashin da muke gasa tsire a kai kuwa ya wuce haka nesa. Amurkawa a wajen digiri 110 zuwa 120 suke gashinsu, a rufe, nama na nesa da wuta, sa'o'i da yawa. Da gangan na gwada a kan cinyoyin kaza: wasu na shafe su tun suna ɗanye, wasu na bari sai da suka kusa nuna. Na farkon kafin cikinsu ya dahu bayansu ya koma baƙi kamar gindin tukunya, ɗaci har ƙashi. Na biyun, da na ja garwashi gefe guda na shafa musu a minti goma sha biyar na ƙarshe, shafa siriri sau uku ana juyawa, suka fito ja-ja-wur masu sheƙi, miyar ta kama fata ta yi danƙo, gefe-gefe ya ɗan babbake daidai yadda ake so. Don haka wannan ba abin jiƙa nama ba ne. A gasa da gishiri da kayan ƙamshi, miya ta zo daga ƙarshe.

Haƙarƙarin sa da na rago ta fi karɓa, saboda kitse na son abin da zai yanke shi. Kaza ma ta yi. A hanta da ƙoda ba ta yi mini ba sam, kifi kuma tana danne shi har ba a jin ɗanɗanonsa. Yara sun sha ta har da lasar yatsa. Surukina kuwa ya ɗan gutsira, ya tauna a hankali, ya ce, "'Yar nan, sannu da ƙoƙari, amma nama da zaƙi? Ina yajin?" Na ce, "Ga shi nan tafe, Baba," na kawo yajin ƙuli na barbaɗa masa a kai. Sai ga shi yajin ya manne a danƙon miyar, gyaɗar ta kwantar da zaƙin, ya cinye bai ƙara cewa komai ba. Tun daga nan haka nake kai wa manya.

Tambayar da na san za a yi ita ce mazarƙwaila. Ita ma ruwan rake ce da aka dafa ya daskare, ba a raba sukari da molasis ɗinta ba, don haka 'yan gida ɗaya ne. Na narka ta da ɗan ruwa, na tace saboda tsakuwa da ɓurɓushin rake, na sa a gurbin molasis. Miyar ta yi daɗi, ta fi wadda aka yi da farin sukari nesa ba kusa ba, amma ta fi zaƙi, launinta ya tsaya a ja bai yi duhu ba, kuma ɗacin nan na ƙarshe babu shi. Wanda bai taɓa ɗanɗana ta molasis ba ba zai ce wani abu ya ɓace ba. Zuma kuwa ta fi su duka saurin ƙonewa, kuma ƙamshinta na ɓata a wuta, asarar zuma ce kawai.

Blackstrap shi aka fi samu a shagunan kayan ƙarin lafiya, saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinsa. Shi kaɗai a wannan miya ɗaci ne da ɗanɗanon ƙarfe. Amma cokali ɗaya nasa a kan cokali huɗu na narkakkiyar mazarƙwaila ya kawo ni kusa ƙwarai da ɗanɗanon kwalbar da na saya. Wanda masu kiwo ke saye a jarka don haɗa abincin shanu kuma a bar wa shanun, ba a tsabtace shi don cin mutane ba.

Kwalba ɗaya na yin tukunya huɗu da 'yan kai, kowace tukunya kuma ta ishi nama kilo biyu zuwa uku. Kayan waje ne, farashinsa na bin dala, ba kuma kullum ake samunsa ba. Shi molasis ɗin yana daɗewa a kabad in an goge bakin kwalba an ɗaure murfi, in ba haka ba tururuwa za su riga ku. Miyar kuwa a kwalbar gilashi mai tsabta tana kai mako biyu a firji idan wuta na tsayawa. Inda ake yawan ɗaukewa, a dafa rabin awo a cinye cikin kwana uku. Mai yin gashi jefi-jefi, da Sallah ko in an yi baƙi, mazarƙwaila da tsamiya sun ishe shi. Mai murhun gashi da murfi, wanda zai iya zama sa'a uku yana lallaɓa haƙarƙari, shi zai ci moriyar kwalbar, kuma ni zan sake saye kafin Babbar Sallah.